Neman shawara: harsashi mai giren 400 ko mai 500 a bindiga mai baki biyu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, manyanmu. Ina aiki a sansanin farauta mai lasisi a yankin Benuwe, arewacin Kamaru, inda nake rufa wa baƙi baya idan aka shiga bin sawun ɓauna. Kwanan nan na sayi bindiga mai baki biyu ƙirar .470 Nitro Express a hannun wani dattijo da ya ajiye farauta. Harsashi mai giren 500 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) yana sa bindigar ta doki kafaɗata ƙwarai, shi ne na gwada mai giren 400, na ji sauƙi, amma a nisan mita 50 sai na ga bakin dama yana jefa harsashi hagu, na hagu kuma yana jefawa dama. Laifin bindigar ne ko nawa? Kuma mai sauƙin zai wadatar a kan ɓauna?

Wani tsohon maharbi daga Garwa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bindigarka lafiyarta ƙalau, harsashin ne bai dace da ita ba. Maƙerin irin wannan bindiga ba ya jera bakunan biyu a miƙe sambal. Yana ɗan karkata su su fuskanci juna, ya yi ta harbawa yana gyarawa, har sai harsasan biyu sun faɗa kusa da juna, sannan ya like su. Wannan saiti da nauyi ɗaya da gudu ɗaya ake yin sa, kuma a .470 abin da aka saba shi ne giren 500, wato kusan giram 32, da gudun ƙafa 2,150 a daƙiƙa. Dalili kuwa, idan ka harba bakin dama, bindigar takan fizge dama tun harsashin yana cikinta. Mai sauƙi da sauri yakan fita kafin fizgar ta kai inda maƙeri ya ƙiyasta, shi ya sa harsasanka suka gitta juna. Da ka sa wanda ya fi nauyi ko ya fi jinkiri, da sun ware, kowanne ya yi ɓangarensa. Koma wa 500, domin ranar da ɓauna mai rauni ya taso maka daga cikin ciyawa, ba za ka tuna da ciwon kafaɗa ba, kuma nauyin nan shi ke sa harsashi ya fasa ƙashi ya ci gaba da nutsawa.

Wani mai gyaran bindigogi: Na yarda da Baba, sai dai ina da ƙari a kan gwajin kansa. Kada ka ɗora bindigar kai tsaye a kan tebur ko dutse. Ka tsaya, ka riƙe ta da hannunka a kan sandunan harbi kamar yadda za ka yi a daji, ka harba dama sannan hagu ba tare da jinkiri ba, ka bari ta huce kafin zagaye na gaba. Sannan ka duba shekarunta. Idan tsohuwar ƙirar Ingila ce, ƙarfen bakunanta ba shi da kauri, kuma masu gyara da dama suna gargaɗi a kan harsashin da aka sassaƙa daga tagulla zalla. Kamfanin harsashi na Woodleigh da ke Ostareliya kuwa ya yi suna wajen kwaikwayon siffar tsofaffin harsasan kamfanin Kynoch na Ingila da aka saita irin waɗannan bindigogi da su.

Mai tambaya: Na gode. To, harsashi mai buɗewa idan ya shiga jikin dabba zan loda, ko dunƙulalle wanda ba ya buɗewa?

Tsohon maharbin: Ga ɓauna, da yawa sukan sa mai buɗewa a bakin dama, dunƙulalle a hagu, amma kai da aikinka shi ne tsayar da dabbar da aka riga aka raunata, sau da yawa ta baya za ka same ta ko tana fuskantarka, don haka ni dunƙulalle zan sa a duka biyun. Ko wanne ka zaɓa, su kasance giren 500, kuma ka tabbatar a takardar gwaji cewa wuri ɗaya suke faɗawa.

Wani ɗan ƙungiya: Idan dukan ya ci gaba har ka fara runtse ido kafin ka ja kunama, Malam, ka nemi bindiga ƙirar .450/400 wadda aka saita da giren 400 tun daga maƙera. Ta kashe ɓauna da giwa fiye da shekara ɗari, kuma kafaɗa tana jure mata.