Na koma aiki, ya zaftare kuɗin cefanen yara

Maman 'Yan Biyu, Kubwa: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da rabuwarmu da baban yarana. A gaban alƙali aka yanka masa dubu 60 duk wata na ci da sha, kuɗin makaranta kuma yana biya da kansa. Tsakani da Allah bai taɓa saɓawa ba sai watan jiya. Na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gwarinpa, ko albashin farko ban karɓa ba sai ga alat, dubu 35. Da na kira shi sai cewa ya yi ai ya ji na zama ma'aikaciya, sai mu raba nauyi. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ta kaya.

Hajiyar Dutsen Alhaji: Ƙanwata, kamar da ni kike. Ni shago na buɗe, nawa tsohon mijin ya daina turowa gaba ɗaya har wata huɗu. Kuskurena shi ne yawan kiran waya da kuka. Ranar da na gaji, na je banki aka buga min bayanan asusuna na shekara guda, na bi da jan biro ina zagaye duk watan da kuɗi bai shigo ba, na koma kotun yankin da ta yi mana shari'a. Tambaya ɗaya alƙali ya yi masa: an rage maka albashi ne? Ya ce a'a. Shi ke nan, aka ce ya biya bashin a hankali a kan na wata-wata. Abin da kotu ta yanka, kotu ce ke sauya shi, ba wanda ya ga dama ba.

Baban Abba, Nyanya: Bari mu ma a ji namu. A 2023 aikina ya tsaya, daidai lokacin da aka cire tallafin mai, komai ya yi tashin gwauron zabi. Ban ɓuya ba, na kai takardar sallama kotu aka rage min daga dubu 50 zuwa dubu 20, ina ɗan taɓa POS a bakin titi. Da na samu wani aikin kuwa, in faɗi laifina, sai da na yi wata uku ban gaya wa kowa ba, wai ina biyan basussuka. Mahaifiyata ce ta tona ni. Ta ga takalmin Abba ya ɓule ranar da ya zo hutu, ta ɗaga shi a gabana ba ta ce komai ba. Washegari na mayar da 50 ɗin.

Antin Lugbe: A lura, ba duka aka zama ɗaya ba. Ni auren coci da rajista muka yi, don haka Babbar Kotu muka je, ƙarƙashin dokar aure ta 1970. A can ana duba samun uwa da na uba duka biyu, kuma dokar haƙƙin yara ta 2003 da ke aiki a Abuja ta ɗora kula da yaro a kan iyaye biyun. Da na koma aikin jinya tsohon mijina ya nemi ragi, an kuma saurare shi. Abin da ya cece ni, lauyata ta sa na tara rasit na gidan rainon yara da kuɗin mai tsaron su daren da nake aiki. Ragin bai taka kara ya karya ba.

Malamin Islamiyya, Karu: A Musulunci ciyar da ɗa a wuyan uba yake, ko da uwar ta fi shi kuɗi, dukiyarta tata ce, abin da ta kashe kyautatawa ce. Ma'aunin shi ne halin uban, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna: mai yalwa gwargwadon yalwarsa, mai ƙunci gwargwadon abin da Allah ya hore masa. Sai dai ki yi hattara, na sha zaman sulhu inda uba ya ga maganar kuɗi ba ta ɓulle ba, ya juya ya ce uwar ba ta zama a gida, a ba shi yaran.

Maman 'Yan Biyu: Malam, wallahi har ya fara jefa wannan maganar.

Hajiyar Dutsen Alhaji: To ki ɗauko Mama ta dawo wurinki in da hali. A mazhabar Malikiyya ko riƙo ya bar hannun uwa, kakar wajen uwa ce ke biye.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. Daren jiya na zauna da biro: kuɗin mota Kubwa zuwa Gwarinpa, da na yarinyar da ke ɗauko su daga makaranta, sun cinye kusan rabin albashin tun bai zo ba. Yayana ya ce in bari ya fara samun baban tsohon mijin nawa ranar Asabar. In ba a daidaita ba, Litinin ina banki da sassafe.