Mene ne ma'anar "lead foot" da ake faɗa wa mai yawan gudu da mota?

Ɗalibar Turanci:
Assalamu alaikum. Wata Ba'amurkiya da muke aiki tare ta ce direbanmu yana da "lead foot", kuma ta faɗi hakan ne tana murmushi alhali ta riƙe kujerar gabanta gam da hannu biyu. Ina so masana su fayyace mini, shin yabo ne ko zargi?

Malamin Harshe:
Wa alaikumus salam, Malama. Kalmar "lead" a nan dalma take nufi, ma'adinin nan mai nauyi da ake samu a cikin batirin mota, kuma "led" ake furta ta. Ma'anar ita ce ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur har ba ta iya ɗaguwa. Abin lura shi ne ba a faɗa wa wanda ya yi gudu sau ɗaya domin kai mara lafiya asibiti, sai wanda gudun ya zame masa jiki. Ƙorafi ne aka sassauta shi da raha. Amurkawa suna kuma cewa "speed demon", wato aljanin gudu, kuma wannan wasu matasa har alfahari suke yi da shi.

Mazaunin Ingila:
A nan abin da aka fi ji shi ne "boy racer", kuma akwai raini a cikinsa. Saurayi ake nufi wanda ya sauya wa ƙaramar motarsa salansa domin ta riƙa ƙara, yana tsere da abokansa cikin dare.

Mai Bibiyar Tseren Mota:
Wadda ta fi su nauyi a ganina ita ce "hoon" ta mutanen Ostireliya, wato mai tuƙin ganganci, domin ita ta wuce zancen baki, har dokokin hana wannan ɗabi'a da sunanta ake kiransu. Jihar Victoria ta fara aiki da tata a 2006, inda aka ba 'yan sanda ikon kama motar mai tukin ganganci nan take. A watan Maris na 2010 dokar ta hau kan Lewis Hamilton, gwarzon tseren motoci na Formula 1, a Melbourne, babban birnin jihar, bayan ya murza tayoyin motarsa har suka yi hayaƙi a kan titin jama'a. An kama motar, daga baya kotu ta ci shi tarar dalar Ostireliya 500.

Tsohon Direba:
'Yata, tun da har baƙuwa ta kai ga riƙe kujera, to gudun wuce sa'a yake yi, kuma rayukanku ne a hannunsa. Ki same shi a keɓe, ba a gaban mutane ba, ki gaya masa cikin mutunci ya rage taka totur, musamman idan kun shigo gari ko kun kusa makaranta. Idan bai ji ba, ki sanar da shugaban wurin aikinku.