Sosej ɗin dankali irin na Jamus: awo, haɗi da inda yake ɓaci

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum jama'a. Kartoffelwurst nake so mu tattauna, sosej ɗin nan da ake haɗa nama da dankalin turawa, wanda aka sani a jihar Hessen, musamman yankin Vogelsberg, da kuma Pfalz. Asalinsa dabarar manoma ce: nama kaɗan, dankali da yawa, sai a haɗa su don naman ya yi auki. Da naman alade Jamusawa ke yinsa, kafaɗa da gefen ciki mai kitse. Mu da ba ma cin alade muna yi da na sa ko na rago, kuma a nan matsala ke fitowa: na wani ya bushe, na wani ya fashe a tukunya. Kowa ya kawo awonsa.

Mahauci a Kassel: Wa'alaikumus salam. Bushewar daga kitse take. Gefen cikin alade kitse ne da yawa, mai laushi kuma, in ka maye gurbinsa da jan naman sa zalla dole sosej ya yi gautsi. Awon da ke fitowa daidai a kilo 1 na haɗi: giram 450 na wuya ko ƙirjin sa, giram 200 na kitse, giram 350 na dafaffen dankali. Gishiri giram 18, kuma da nauyin haɗin gaba ɗaya ake lissafi, har da dankalin, domin dankali na shanye gishiri. Masoro giram 2, majoran (wani busasshen ganyen ƙamshi) giram 2, gyaɗar ƙamshi rabin giram, albasa ɗaya da aka soya ta huce, tafarnuwa ƙwaya ɗaya. Majoran ɗin nan kada a tsallake shi, shi ne ƙamshin sosej ɗin.

Uwargida a Frankfurt: Malam, in ƙara kan maganar kitse, ba kowane kitsen sa ba ne. Na wajen ƙoda yana da tauri, da sosej ya huce sai ya daskare a dasashi kamar kyandir. Kitsen jelar tunkiya ya fi laushi, ana samunsa a shagunan naman Turkawa, amma yana da ƙarni, don haka rabi da rabi nake yi da kitsen ƙirji. Waɗanda ke gida kuwa tozo ya wadatar da su, ga dankalin Jos.

Mai buɗe zance: Hajiya, dankalin fa, ɗanye ko dafaffe?

Uwargida a Frankfurt: Dafaffe, da ɓawonsa, tun jiya, ya kwana a firij. Akwai masu sa ɗanye, amma yana baƙi da zarar iska ta taɓa shi, yana kuma tsatso ruwa cikin hanjin da ake ɗura haɗin. Mai zafi ya fi muni: yana narkar da kitsen tun wajen cuɗawa, in an dafa sai man ya taru gefe guda. Kuma kada a kusanta shi da bilenda, sitacinsa zai fashe ya koma danƙo.

Ɗalibi a Mainz: Irin dankalin ma da magana. In za ka niƙa shi a injin nama, ɗauki mai gari, wanda aka rubuta mehligkochend a jikin ledar. In kana son ganin gutsattsarinsa idan an yanka, yadda yake a Saumagen na Pfalz, wato tumbin alade da aka cusa wa nama da dankali, abincin da tsohon shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl ya riƙa ba manyan baƙinsa, to festkochend za ka saya, wato wanda ba ya marmashewa in ya dahu, ka yanka ƙanana kamar rabin santimita, ka tafasa minti 5 kawai. Ni na fi son na biyun, bakinka zai san dankali ya ci.

Mahauci a Kassel: Duk biyun suna yi, ƙanena, amma tsarin cuɗawa ɗaya ne. Nama da kitse su yi rabin awa a firiza kafin niƙa, a wuce da su ta faifan injin niƙa mai huda milimita 4 zuwa 5. A cuɗa naman da gishiri shi kaɗai tukuna, har ya yi yauƙi yana manne wa tafin hannu in ka kife shi. Wannan yauƙin ne ke riƙe sosej. Sai daga baya dankali ya shiga, a juya a hankali. Wanda ya zuba komai lokaci ɗaya, nasa zai marmashe a wuƙa. Kafin ɗura, a soya ɗan loma a ɗanɗana gishiri.

Mai girki a Hamburg: Ni fashewa zan yi magana a kai. Hanjin da ke manyan kantuna galibi na alade ne, a karanta takardar. Na rago sunansa Saitling, siriri ne kuma yana saurin yagewa. Na sa, Kranzdarm, faɗinsa wajen milimita 40, shi ya fi dacewa da wannan aiki. A wanke gishirinsa, a jiƙa a ruwa mai ɗumi, a zura ruwa ta cikinsa. Wajen ɗura kada a cika shi tam, dankali na kumbura da zafi. Inda iska ta maƙale a huda da allura.

Ruwan dahuwa kada ya tafasa. Digiri 75 zuwa 80, kusan minti 1 ga kowane milimita na kauri, wato na hanjin sa minti 40 zuwa 45, har tsakiyarsa ta kai digiri 72. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya duba gindin tukunya: ƙananan kumfa na tasowa amma saman ruwan bai motsa ba. Daga nan a tsoma a ruwan sanyi, a rataye ya tsane.

Uwargida a Frankfurt: Ajiya kuma a kula, don dankali da albasa suna saurin tsami. Kwana 2 zuwa 3 a firij, sauran a kai firiza tun ranar. Ranar ci a yanka da kauri, a soya a wuta kaɗan da ɗan mai, kada a juya sai gefen ya yi ja ya saki kaskon da kansa.