Ajiye sanyi kafin wuta ta ɗauke: abin da muka tsinta a hirar Birni

Jiya a Birnin Damagaram muka zauna da masu gyaran firigo da wani malamin kimiyya, ana neman dabarar zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke wuce digiri 40.

Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce ta ƙanƙara. Malamin ya ce zafin da kilo 1 na ƙanƙara ke sha kafin ya narke daidai yake da wanda zai ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Don haka a cika gorunan roba da ruwa, a bar ɗan sarari a wuya, a jera su cikin firiza tun da wuta. Mai faranti na hasken rana ma gara ya daskarar da ruwa da rana, ƙanƙara ta fi batir araha nesa ba kusa ba.

Masu gyara kuwa ƙura suka fi kuka da ita: a riƙa share bayan firigo, a janye shi daga bango.

Tumatir da alayyafo, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, dabarar Muhammad Bah Abba, wani malami ɗan Najeriya, ta wadatar. Amma da damina ba ta cika aiki ba, iska ta riga ta jiƙe.