Musayar waƙa: Spandau Ballet, wa ke da waƙa, mai rubutu ko mai murya?

Kawu Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina kwashe akwatin ɗakina na ci karo da tsohon kaset na ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Spandau Ballet, takardarsa duk ta yi ja, har sai da na sa biro na naɗe zarensa. Ga abin da ya zo mini, mai so ya amsa.

Samari biyar a Landan suke,
Huɗu makaranta ta haɗa su.
Gary da jita, John da ganga,
Martin ƙanen Gary ya cike su.
Kulob ɗin Blitz suka fara wasa,
Tony da murya yake jan su.
1983 "True" ta fito,
Sati huɗu babu mai ture su.

Ɗan Fagge:
Kawu, ran ka ya daɗe, ka naɗa rawanin a kan da ba nasa ba.

Ka yabi zakara don ya yi cara,
Ka manta da mai zuba masa tsaba.
Gary ke rubutu dare da rana,
Ba don shi ba, ba ka san Tony ba.

Hajiya Damagaram:
Ɗan Fagge, takarda ba ta waƙa,
Ajiye ta ka ji in za ta tanka.
Muryar Tony ce ta shiga ɗaka,
Ita ta zare kuɗin aljihunka.

Malam Mai Aruli:
Hajiya, a gafarce ni, "waƙa" da "tanka" ba amsa-amo ba ne. Ƙa daban, ka daban. Kai kuma Kawu, karanta ɗangonka na bakwai da baki: alif ɗari tara da tamanin da uku, gaɓa goma sha uku ke nan tun ba a kai ga sunan waƙar ba. Kari ya karye.

Hajiya Damagaram:
Malam, duba da kyau, ɗango na biyu da na huɗu ne ke ɗauke da amon. Sauran kyauta ce.

Mai Aruli ya zo da ma'auni,
Yana awon tuwo ba ya ci.
Kawo baitinka ko guda ɗaya,
Mu ga ko naka yana da gishiri ko ɗaci.

Malam Mai Aruli:
Wannan na ƙarshen ma ya yi jela, Hajiya.

Ɗan Fagge:
Ku bar awo, mu je kotu. Sun watse a 1990, shekarar da Gary da Martin suka fito a fim. A 1999 Tony Hadley da Steve Norman da John Keeble suka kai Gary Kemp babbar kotun Landan, suna cewa akwai alkawari na raba kuɗin rubutun waƙoƙi. Gary ya yi nasara.

Uku suka ja ɗaya gaban alƙali,
Wai an yi alkawari da baki.
Babu takarda, babu madafa,
Suka juya gida da baƙin ciki.
Hajiya, ina muryar ta shiga?
Ranar shari'a ba ta yi aiki.

Auta Sabon Zongo:
Yaya Ɗan Fagge, kotu ta ba ka, kunne bai ba ka ba. Ni ɓangaren Steve nake. Cire busar saksofon ɗin nan da ke tsakiyar "True" ka ji abin da zai rage. Har ita aka kawo hujja a kotu, alƙali bai ɗauke ta a matsayin rubuta waƙa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Steve ya busa, gashin jiki ya tashi,
Wanda bai jin Turanci ya gane.
Aka ce numfashi ba rubutu ba,
To wa ya hura ran, in ba shi ne?

Hajiya Damagaram:
Allah ya yi maka albarka, Auta! Kai ne zakaran zauren nan yau.

Ɗan Fagge:
Zakara saboda ya bi bayanki. Da ni ya bi, da kin ce baitinsa gurgu ne.

Malam Mai Aruli:
Gurgun ne ma. "In ba shi ne" an datse "ba" ta ƙarshe don amo ya zauna. Nahawu ba ya yafe wannan.

Auta Sabon Zongo:
Malam, mawaƙi yana da lamuni, ku da kanku kuka koya mana.

Kawu Tudun Wada (bayan kwana uku):
Ku yi haƙuri, ba ni da caji ne. Na karanta duka. Ni abin da ya sa na buɗe zancen nan ba kotu ba ne. Ranar 25 ga Maris 2009 su biyar ɗin suka tsaya tare a kan jirgin ruwan yaƙi HMS Belfast a kogin Tems, inda suka taɓa wasa a 1980, suka ce sun dawo. Ni da abokin kasuwancina mun yi shekara tara ba ma gaisawa saboda kuɗin shago. A jana'iza muka haɗu, shi ya fara miƙo hannu, nawa yana rawa.

Shekara goma bayan shari'a,
Jirgi guda ya sake ɗaukar su.
Furfura ta fito, ƙiba ta zo,
Amma kiɗan bai manta da su.
Wanda ya taɓa kai aboki ƙara,
Shi zai san nauyin gaisuwarsu.

Hajiya Damagaram:
Kawu, ka sa ni hawaye. Amma ka tsaya a inda ya yi maka daɗi. A Yulin 2017 Tony ya fita daga ƙungiyar, suka ɗauko wani matashi ya riƙe makirufo, bai daɗe ba shi ma ya tafi.

Ɗan Fagge, ga alƙalami ga takarda,
Ga jita, ga ganga, ga fili.
Tun da mai muryar ya kama hanya,
Wa ya rera maka? Ba ni dalili.

Ɗan Fagge:
Ina kan babur, Hajiya. Ki jira ni bayan isha'i, da ƙwar biyar zan zo miki.

Malam Mai Aruli:
Ka ƙirga gaɓoɓin kafin ka turo.