Dan Allah wa ya san gashin da ake yi wa mai mayeloma?

Salamu alaikum 'yan uwa. Babanmu ne shekararsa 63, wata biyar yana fama da ciwon baya muna ta shafa mai man zafi har wajen mai ɗori mun je, ashe kansar ɓargo ce wai mayeloma, ta ci ƙashin bayansa waje biyu. An fara mai allurai, yanzu kuma likita ya ce sai an yi mai gashi kwana 10 a asibitin Shika da ke Zariya. Hajiya ta ce ba mai ƙona mata miji, yayanmu kuma ya ce ciwon da ke cikin jini me gashi zai mai. Ni dai na rasa ta cewa, jiya ko sallah a kwance ya yi.

Wata nas: Allah ya ba Baba lafiya. Yayanku da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, gashin ba shi zai kawar da mayeloma ba, wannan aikin allurai da ƙwayoyi ne. Shi wajen da ciwon ya ci kawai ake saitawa, zafi ya ragu, kar kuma abin ya danne laka. Ki faɗa wa Hajiya ba wuta ba ce, haske ne daga na'ura, ba zai ji komai ba lokacin da ake yi.

Wani ɗan uwa: Gashin ƙashi ai ko ƙaramin asibiti suna yi, me zai kai ku Zariya?

Nas: A'a malam, wancan fisiyo ne, wato tausa da motsa gaɓoɓi, daban suke.

Wata uwa: An yi wa mahaifiyata a ƙugu. Za su zana mai alama a fata, kar a dirje wajen da soso. Kullum bai fi minti 15 ba, kwanakin farko ciwon ma ƙaruwa ya yi wallahi har na yi kuka na ce mun cuce ta, sai bayan sati biyu ta fara zama da kanta. Gajiya kam akwai. Jikoki su hau cinyarsa ba komai, ba ya fitowa da hasken a jiki.

Nas: Kuma ƙanwata, in ƙafarsa ta fara sanyi ko ta mutu, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba bai sani ba, ko cikin dare ne ku tafi asibiti kar ku jira ranar da aka ba ku. In kuna sayo mai maganin ciwon nan diklofenak a kemis ku daina, ciwon nan dama yana taɓa ƙoda.

Mai tambaya: Innalillahi, kullum biyu yake sha. Na gode Anti, bari in je in ɗauke katin daga ɗakinsa.