Neman shawara: kundina kan marubutan Amurka mazauna Turai ya cije

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji huɗu a sashen Turanci, kundin kammala karatuna kan marubutan Amurka ne da suka bar gida suka tare a Turai. Na ɗauka abin a fili yake: Amurka ce zamani, Turai ce al'ada. Jiya malamin da ke duba aikina ya maido mini babi na ɗaya, ya ja jan biro a ƙarƙashin wannan jimla, ya ce in sake tunani. Wallahi ban runtsa ba, ga shi saura wata biyu in miƙa. Don Allah ta ina zan kama?

Wani malamin adabi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki. Kin zuba su ne a kwando ɗaya, alhali ba abu ɗaya ya fitar da su ba. Dubi T. S. Eliot. An haife shi a St. Louis ta Amurka a 1888, ya isa Ingila a 1914. A 1922 ya fitar da The Waste Land, waƙar da ta wargaza tsarin da aka saba, gutsi-gutsi take, ga harsuna iri-iri a ciki. Shi wannan mutumin kuma a 1927 ya shiga Cocin Ingila, ya zama ɗan Birtaniya. Rikicin da kike nema tsakanin nahiyoyi biyu yana cikin ƙirjin mutum guda, kuma ni a ganina shi ne ya fi cancantar kundi.

Wata 'yar uwa:
Ki tuna da na Paris ma. Lokacin da marubuci Ba'amurke Ernest Hemingway ya sauka can a ƙarshen 1921, Amurka ta haramta giya tun 1920, kuɗin Faransa kuma ya faɗi, dala kaɗan ta isa mutum ya rayu. A gidan Gertrude Stein, marubuciya Ba'amurkiya da ke zaune a Paris, zanen Picasso, fitaccen mai zanen zamani, ne a bango. Su a wajensu takurar tana gida, sabon abu yana Turai.

Wani ɗan uwa:
Malam, da izininka, ban ga laifin tunaninta baki ɗaya ba. Rubutun Henry James, wani marubucin Ba'amurke da ya tare a Turai, ya goya mata baya. A littafinsa Daisy Miller, na 1878, budurwa Ba'amurkiya ce ke yawo da saurayi a Rum ba mai rakiya, aka juya mata baya. Sai dai ki lura, Amurkawan da suka daɗe a can ne suka fi tsangwamarta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, in na ɗauki James da Eliot kaɗai, bai yi kaɗan ba?

Malamin:
Ya isa har ya yi yawa. James ma ya zama ɗan Birtaniya a 1915, kin ga kin sami igiyar da za ta ɗaure su. Sake rubuta shafi biyu na farko ki kai wa malaminki kafin ki taɓa sauran.